Muhawara: zaɓen amfilifayar jita mai bawul da gyara ta don samun sautin rok na da

Nasiru Mai Jita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da muke yawan taɓawa a nan amma ba mu taɓa bin ta har ƙarshe ba. Mai neman sautin rok irin na 1965 zuwa 1975, wanda in ka taɓa tsirkiya a hankali ya fito tas, in ka danne ta ya karye ya yi kaushi, wace amfilifaya mai bawul, wato mai aiki da kwalaben lantarki na gilashi, ya kamata ya fara dubawa? In kuma yana da wata a hannu, me ake canjawa a cikinta, me ake bari? Baba Tanko da Injiniya Lawal, don Allah a ba mu da lissafi, kada a tsaya a "wannan ta fi daɗi".

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Kafin a zo kan suna, a fara da yawan wat. Yawancin amfilifayoyin wancan zamani ba su da maɓallin masta, wato maɓallin murya na biyu da ke rage ƙarar gaba ɗaya. Kaushin da kake ji yana zuwa ne idan an buɗe murya har kwalbar raba sigina (wadda ke tura manyan kwalabe) da manyan kwalaben ƙarshe da sifika duk suka kai iyakarsu tare. Saboda haka tambayar farko ita ce, a wurin da za ka yi kiɗa, wat nawa za ka iya buɗewa har 7 ko 8 ba tare da an tashi an bar maka wurin ba?

Mutane suna ruɗuwa da lamba. Tsakanin wat 100 da wat 50 desibel 3 ne kacal. Sai ka rage ƙarfi sau 10 kafin kunne ya ji murya ta ragu da rabi, wato wat 5 rabin ƙarar wat 50 ce. Don haka Fender Champ 5F1 mai babbar kwalba 6V6 ɗaya da wat 5 ta isa ɗaki da ɗaukar sauti. Tweed Deluxe 5E3 mai 6V6 biyu da wat 12 zuwa 15, ko Marshall mai wat 18 da EL84 biyu, ko Vox AC15, sun isa ƙaramin dandali tare da mai ganga. AC30 da JTM45 suna wajen wat 30 kuma ƙararsu ba wasa ba ce. Marshall Super Lead mai wat 100 an yi ta ne a 1965 saboda irin su Pete Townshend suna neman abin da zai cika babban zaure a lokacin da ba a dogara da makirufo a gaban sifika ba. Yau wannan buƙatar ta kau ga yawancin mutane.

Baba Tanko:
Injiniya ya fara daga inda ya dace. Bari in ƙara da asalin zanen, don wanda ya san shi ba zai yi ta canje-canje a makance ba.

JTM45 da Jim Marshall da Ken Bran da Dudley Craven suka fitar a Landan a 1962, kusan zanen Fender Bassman 5F6-A ne na ƙarshen shekarun 1950. Amma sautinsu ya bambanta, kuma dalilan a ƙirge suke. Bassman tana da 12AY7 a kwalbar farko, ƙarfin haɓakarta wajen 44, Marshall kuwa ta sa ECC83, wato 12AX7, mai 100. Bassman tana da sifika 4 masu inci 10 a akwati mai buɗaɗɗen baya, Marshall ta koma Celestion 4 masu inci 12 a rufaffen akwati. Na ukun shi ne wanda ake mantawa: rizistar fidbak, wadda ke mayar da wani sashe na siginar sifika baya don ta danne haɓaka, 27k ce a duka biyun, amma a Bassman daga layin om 2 take ɗauko sigina, a JTM45 daga layin om 16. Wutar da ke layin om 16 ta ninka ta om 2 kusan sau 2.8, don haka fidbak ɗin JTM45 ya fi yawa nesa ba kusa ba. Daga baya aka bar 5881 aka koma KT66, sannan EL34 daga wajen 1966.

Vox AC30 hanyarta daban. EL84 guda 4, bayas (saitin wutar da kwalba ke ja in babu sigina) ta katod da rizista ɗaya ta om 50 da suke tarayya a kai, babu fidbak ko kaɗan. Shi ya sa take shiga kaushi sannu a hankali, ba ta jira sai an kai wani wuri ta karye lokaci guda.

Zainab Abdu:
Ku yi haƙuri Baba in katse ku kafin a shiga ciki, domin akwai sababbi da ke karanta wannan. Kafasitocin tace wuta a irin waɗannan amfilifayoyi suna riƙe bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare filogi. Wannan wutar tana kisa. Wanda bai iya aiki da mita ba ya kai wa mai gyara.

Wanda ya iya, ga tsarin. A zare filogi daga bango. A ɗauki waya mai maƙali a kowane kai, da rizista 22k mai wat 5 a tsakiya, an rufe ta da roba. A maƙala kai ɗaya a shasi, wato jikin ƙarfen amfilifaya, tukuna, sannan ɗayan a ƙafar kafasita mai alamar +. A jira daƙiƙa 30, a auna, sai an ga ƙasa da bolt 10. A auna kowace kafasita daban, saboda makunnin jiran aiki yana iya raba wasu da sauran. A bar wayar a maƙale yayin aiki don kafasita takan sake tara wuta da kanta, a kuma tuna a cire ta kafin a kunna. In ana awo da wuta a kunne, hannu ɗaya ne a ciki, ɗayan a aljihu.

Tsohuwar da ta zo da filogi mai ƙafa 2, a sa mata mai ƙafa 3, a ɗaure wayar ƙasa a shasi da noti nata na kanta, a cire kafasitar 0.047µF da ke tsakanin layin wuta da shasi. In ta lalace, wutar bango ce za ta hau tsirkiyar jita. Ƙananan tsofaffin da ba su da taransifomar wuta gaba ɗaya, masu 50C5 da 35W4, kada a taɓa su sai an sa musu taransifomar keɓewa.

Injiniya Lawal:
Madalla Malama Zainab. In ƙara da fitilar kariya: kwan fitila na da mai zare, wat 60 zuwa 100, a jere da layin wuta. Bayan kowane gyara ta nan ake fara kunnawa. In ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai inda waya ta haɗu, a kashe. Amma ba a saita bayas ta cikinsa, don yana rage wuta.

Nasiru Mai Jita:
Na gode. To a ce mutum yana da irin JTM45, yana son ta matsa zuwa sautin Super Lead na ƙarshen shekarun 1960. Me zai taɓa?

Baba Tanko:
Yaro na, kafin ka matsa da ita ko'ina ka tabbatar lafiyarta lau. Rabin amfilifayoyin da ake cewa sautinsu ya mutu, gyara suke nema ba canji ba. Kafasitar tace wuta da ta haura shekara 25 ko 30 a canja ta, haka ƙaramar da ke layin bayas, ita kuma ƙafarta mai + ce ke zuwa shasi, a kula. Rizistocin faranti masu 100k na tsohon kabon sukan haura da kansu, wadda ta wuce kashi 15 cikin 100 ko take ƙaƙas-ƙaƙas a cire ta. Kafasitar haɗi da ke yoyo tana kai wuta kan girid, sai ka ga farantin babbar kwalba ya yi ja. A goge soket, a matse ramukansa. Bayan wannan ka yi mako kana kiɗa da ita kafin ka yanke hukunci.

In har yanzu kana son canjin, ga shi. A JTM45 rabi biyun kwalbar farko suna tarayya a katod, rizista 820 da babbar kafasita 250µF. Wannan yana haɓaka komai har ƙasan da jita ba ta kaiwa, shi ya sa in ka buɗe murya da bes sama da 3 sai sautin ya kwaɓe. A Super Lead an raba su. Layin farko ya riƙe 820 da babbar kafasitarsa, layi mai haske ya samu 2.7k da 0.68µF. Da wannan ƙimar haɓakar tana fara hawa daga wajen 90Hz ta cika a wajen 230Hz, ga shi tsirkiyar E ta ƙasa 82Hz ce, don haka ƙasan ya ragu, tsakiya ta fito gaba. Kafasitar haɗin wannan layin daga 0.022µF ta koma 0.0022µF. A wurin maɓallan sauti, rizista 56k ta koma 33k, kafasita 250pF ta koma 500pF, wannan ne ke cika tsakiya. Rizistocin gauraya layuka daga 270k zuwa 470k. Kafasitocin da ke shiga manyan kwalabe daga 0.1µF zuwa 0.022µF. Fidbak kuma 47k a layin om 8, ko 100k a layin om 4 in ana son ta ƙara sakin jiki.

Abu ɗaya ake canjawa, a rubuta, a saurara, sannan a ci gaba. Wanda ya canja shida a zama ɗaya, in sautin ya lalace bai san wanne ne mai laifi ba. Ni a ganina raba katod da kafasitar 0.022µF ta ƙarshe su ne suka fi tasiri, sau da yawa a nan ake tsayawa.

Garba Soda:
Baba kun bar kafasitar haske da ke kan maɓallin murya. Wasu Super Lead sun zo da 5000pF a wurin. In murya tana 2 ko 3, saman sauti ne kaɗai ke wucewa, ya yi ta yankan kunne. Sai ka kai 7 take lafawa, a 10 ba ta aikin komai. Mai kiɗa a ƙaramar murya ya sa 100pF zuwa 500pF, ko ya ɗaga mata ƙafa ɗaya ya ji.

Sannan akwai abin da ba ya buƙatar dalma. A amfilifaya mai ramin shigar jita 4, ka sa jita a ramin sama na layi mai haske, ka ɗauki gajeriyar waya daga ramin ƙasansa zuwa ramin sama na ɗaya layin, ka gauraya su da maɓallan murya biyu. Amma a Fender masu baƙar fuska (baƙin allon maɓallai) da ribab (amsa-kuwwa), irin Deluxe Reverb, layukan biyu suna saɓa wa juna, in ka haɗa su sautin sirancewa yake yi.

Murtala B.:
Ni ina da ja a kan maganar Injiniya ta farko. Ba kowa ne zai sayi amfilifaya uku don wurare uku ba. Masta da ake sawa bayan kwalbar raba sigina yana magance wannan. Ka cire rizistoci biyu masu 220k na girid ɗin manyan kwalabe, ka sa maɓalli mai hawa biyu 250k a madadinsu, ka ƙara 2.2M daga kowace ƙafar tsakiya zuwa layin bayas don ko maɓallin ya yanke kwalba ba za ta rasa bayas ba. A murɗa wayoyin da juna, a gajarta su. Da wannan kwalbar raba sigina tana karyewa, kuma kaso mai yawa na kaushin Marshall daga nan yake.

Injiniya Lawal:
Malam Murtala, yadda ka kwatanta haɗin daidai ne, kuma 2.2M ɗin nan wajibi ce. Inda muka rabu shi ne abin da ake samu. Masta ɗin yana cikin zagayen fidbak. Da ka rage shi, fidbak ya ragu, maɓallin Presence ya daina aiki, ƙasan sauti ya saki. Daga 6 zuwa 10 yana da kyau ƙwarai. Ƙasa da 3 sai ka ji wani tsitsi a saman sautin, manyan kwalabe ba sa jan wuta, taransifoma ba ta motsa ba, sifika ba ta motsa ba. Wannan nutsewar da sauti ke yi in ka bugi tsirkiya da ƙarfi sannan ya dawo ya kumbura, ta tafi, domin daga faɗuwar wuta take zuwa lokacin da kwalabe ke ja.

Murtala B.:
To na'urar shanye ƙarfi fa da ake sawa tsakanin amfilifaya da sifika? Ita ma in ka danne ta sosai saman sauti dushewa yake yi, ga kwalabe suna aiki da cikakken ƙarfi suna tsufa da wuri. Ba kyauta ba ce ita ma.

Injiniya Lawal:
Haka ne, ban ce kyauta ba ce. Mai rizista zalla tana da kyau har desibel 6 ko 8, bayan nan ta fara cin saman. Mai nadin waya da kafasita da ke kwaikwayon sifika ta fi riƙe sautin. Kuma a sayi wadda ta fi ƙarfin amfilifayar sosai, don wat 100 da aka rubuta na sauti mai tsabta ne, in ta karye tana wuce haka da yawa. Om ɗinta ya dace da na amfilifaya. Abin da nake cewa shi ne duka biyun na rage kaɗan ne. In kana buƙatar rage desibel 20, amfilifayar ce ta yi maka girma.

Zainab Abdu:
Akwai hanya ta uku ga mai wat 100 da bayas tsayayye: cire kwalabe biyu, ko na waje biyu ko na ciki biyu, kada a cire biyu daga gefe ɗaya. Sannan a rage maɓallin om da rabi, akwatin om 16 ya koma layin om 8. Wuta za ta ɗan hau, a sake duba bayas. Amma desibel 3 kawai za a samu. A AC30 kuwa kada a gwada, don rizistar katod ɗinsu ɗaya ce, in aka cire biyu sauran za su ja wutar da ta fi ƙarfinsu.

Kuma kada a taɓa kunna mai bawul babu sifika a jone. Wutar da ba ta da inda za ta je tana komowa ta huda rufin wayar taransifomar ƙarshe ko ta ƙona soket.

Auwal ƙarami:
Yaya Lawal, ana cewa in ka sa EL34 a Fender mai 6L6 sai ta koma Marshall. Soket ɗin ai iri ɗaya ne.

Injiniya Lawal:
Ƙanena, soket iri ɗaya ne amma kada ka cusa. Na farko hita, zaren da ke ɗumama kwalba: 6L6GC tana cin 0.9A, EL34 tana cin 1.5A, guda biyu ƙarin 1.2A ke nan a kan taransifomar da wataƙila ba a yi ta don haka ba. Na biyu ƙafa ta 1. A EL34 girid ce ta uku kuma dole a haɗa ta da ƙafa ta 8, a Fender da yawa kuwa an mayar da ƙafa ta 1 wurin ɗaura rizistar 1.5k da ke zuwa ƙafa ta 5, sai an tashe ta. Na uku rizistar sikirin a ƙafa ta 4, daga 470 mai wat 1 zuwa 1k mai wat 5. Na huɗu bayas: a bolt 450, 6L6GC tana neman wajen -50, EL34 wajen -38, sai an canja rizista a layin. Bayan duk wannan wahalar, abin da za ka ji Fender ce mai EL34. Ramin da ke tsakiyar sautin baƙar fuska daga maɓallan sauti yake, rizista 100k da inda aka ajiye su tun bayan matakin farko. Ka fi samun abin da kake nema in ka ƙara tsakiya, wato rizistar 6.8k da ke ƙasan maɓallin bes ta koma 10k ko 15k, ka kuma canja sifika.

Garba Soda:
Tunda an zo bayas, ga lissafin. A sa rizista om 1 mai kuskuren kashi 1 tsakanin ƙafa ta 8 da shasi a kowace babbar kwalba. Milibolt ɗin da mita ta nuna a kanta shi ne miliamfiya. A auna wutar faranti a ƙafa ta 3. A ɗauki kashi 70 cikin 100 na iyakar kwalbar a raba da wutar. EL34 wat 25 ce, kashi 70 ya zama 17.5, a raba da 450, kusan 39mA. 6L6GC wat 30 ce, kusan 47mA. 5881 wat 23 ce kawai, kusan 36mA, wanda ya saita ta kamar 6L6GC yana dafa ta. 6V6 a bolt 420 wajen 20mA. A bar amfilifaya ta yi minti 10 tana ɗumi, murya a sifili, sifika a jone. Bayan an juya bayas a sake auna faranti don wutar tana motsawa.

Baba Tanko:
Lissafin daidai ne Garba, amma 70 rufi ne, ba wurin da dole a kai ba. Daga 55 zuwa 65 yawancin Marshall suna da daɗi kuma kwalba tana daɗewa. In ya yi sanyi da yawa za ka ji wani tsattsage a wutsiyar sauti yayin da yake mutuwa, sai ka ɗan ƙara. Abin da kake karantawa a katod kuma ya haɗa da na sikirin, miliamfiya kaɗan, don haka kana ɗan ƙasa da abin da ka lissafa, kuma hakan alheri ne.

Masu bayas ta katod dokarsu daban, suna zama kusa da kashi 100 kuma haka aka yi su. A 5E3 ka auna wutar da ke kan rizistar 250. In ka ga bolt 20, a raba da 250, 80mA ke nan na kwalba biyu, 40 kowacce. In faranti yana 360, ka cire 20 ya rage 340, ka ninka, ka wuce wat 13 a kan kwalbar da aka rubuta wa 12 zuwa 14. Wutar bango ta yau takan fi wadda aka zana su a kai, ta Amurka 117 ce a lokacin. Maganinsa rizista 270 ko 300 mai wat 10, a nisanta ta da kafasitarta don zafi na busar da ita. A duba hita ma tana kusa da 6.3, kada ta wuce 6.9.

Nasiru Mai Jita:
Baba, 5E3 ɗin nan da Neil Young ya shahara da ita, me ya sa in an sa mata jita mai hambaka, wato maɗaukin sauti mai nadin waya biyu, sai ƙasan ya riƙa ɓarɓarwa kamar sifika ta yage?

Baba Tanko:
Kafasitocin haɗinta 0.1µF ne, manya. In sigina ya yi ƙarfi girid ɗin 6V6 yakan fara jan wuta, kafasitar ta cika, bayas ya tafi can sanyi, kwalbar ta yi shiru na ɗan lokaci har sai ta sauke ta cikin rizistar 220k. Da 0.1µF lokacin saukewar milidaƙiƙa 22 ne, da 0.022µF bai kai 5 ba, kunne ba ya kama shi. Don haka a canja biyun da ke shiga 6V6 zuwa 0.022µF, iyakar ƙasansu za ta tsaya wajen 33Hz, jita ba ta yi asarar komai ba. In bai isa ba, kafasitar katod ta kwalbar farko daga 25µF zuwa 4.7µF ko ƙasa. A ƙara rizista 470k dab da ƙafar girid ta kwalbar raba sigina, tana kashe wani mummunan tsatsa da irin wannan zanen ke yi in an matsa masa. Kuma a duba kwalbar farko. 12AY7 aka zana ta da ita. Mutane suna sa 12AX7 sannan su ce ba ta da tsabta ko a 2. In ana son tsaka-tsaki akwai 5751 mai 70. 12AT7 mai 60 takan yi aiki a wurin amma ta fi dacewa da raba sigina da tura ribab.

Murtala B.:
Rektifaya, mai mayar da wutar AC zuwa DC, ma tana cikin maganar nutsewa. 5Y3 tana zubar da bolt 50 ko fiye in ana ja, GZ34 ƙasa da 20, dayod na silikon kusan babu. Wanda ya sa GZ34 ko dayod a 5E3, wuta za ta hau da bolt da dama, sautin ya yi tauri, 6V6 su yi zafi. 5U4 kuma hitarta 3A ce, GZ34 1.9A, 5Y3 2A, a duba taransifoma kafin a musanya. Kafasitar farko bayan rektifaya tana da iyaka, GZ34 60µF. 5E3 da 16µF ta zo. Wanda ya cika ta don kashe gurnani zai ga tartsatsi a cikin kwalbar lokacin kunnawa, fis ya tsinke.

Zainab Abdu:
Kuma in fis ya tsinke a sa irinsa, mai jinkirin tsinkewa da ƙimar da aka rubuta. In ya sake, a cire manyan kwalabe da rektifaya a kunna ta fitilar kariya, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sa babban fis ya mayar da taransifoma fis.

Gurnani iri biyu ne. Mai zurfi, 50Hz ko 60Hz gwargwadon wutar ƙasar, daga hita ne ko wayar ƙasa ko manyan kwalabe da ba su yi daidai da juna ba. In layin hita ba shi da tsakiya, rizista biyu masu om 100 daga kowane gefe zuwa shasi. Mai ninkin wancan, 100Hz ko 120Hz, kafasitar tace wuta ce ta gaji. Ita ce kuma ke kawo wata baƙuwar murya da ke bin bayan sauti in kana kaɗa sama da wuya. In an canja taransifomar ƙarshe sai amfilifaya ta kama ihu da an kunna, fidbak ne ya juya, a musanya wayoyi biyun da ke zuwa ƙafa ta 3.

Auwal ƙarami:
Tsofaffin kwalabe irin Mullard da rizistocin kabon fa? Wasu sun ce ba su babu sautin da.

Garba Soda:
Tsohuwar kwalba mai lafiya a gurbin farko takan yi shiru ta kuma daɗe, wannan gaskiya ne. Amma akwai jabu da waɗanda suka gama aiki aka goge aka sa a kwali. Manyan kwalabe kuwa sababbi da aka auna aka haɗa su biyu-biyu sun wadatar. Rizistar kabon in tana da wani tasiri to a faranti ne inda wuta ke lilo sosai, a mashigar sigina shuu kawai take ƙarawa. Duk waɗannan a haɗe ba su kai canjin sifika ɗaya ba.

Injiniya Lawal:
Nan ne ya kamata kuɗi ya fara zuwa. Celestion G12M da ake kira Greenback, wat 25, tana da tsakiya mai ɗumi kuma tana matsewa in an tura ta, ita ce muryar akwatunan Marshall na ƙarshen shekarun 1960. G12H mai wat 30 maganaɗisunta ya fi nauyi, ƙasa ya fi tsayuwa, ƙara ta fi yawa. Alnico Blue mai wat 15 ita ce ta AC30, desibel 100 take bayarwa a wat 1, shi ya sa AC30 ke gogayya da masu wat 50. Vintage 30 sai 1986 ta fito kuma wat 60 ce, saman tsakiyarta yana da tsini, ba ita ce ta wancan zamanin ba duk da sunanta. Sifikar da ta gaza wata da desibel 3 daidai take da raba wat gida biyu, wannan ma hanya ce ta rage ƙara ba tare da taɓa komai a ciki ba.

Jimillar wat ɗin sifiku ta ninka na amfilifaya sau 1.5 zuwa 2 in za a buɗe ta. Greenback ɗaya a kan wat 50 ƙonewa za ta yi. Biyu masu om 8 a jere 16 ne, a kafaɗa da kafaɗa 4 ne. Bayan haɗawa a taɓa batir a wayar akwatin, duk takardun sifikun su motsa gefe ɗaya, in ɗaya ta saɓa ƙasan sauti zai ɓace. Wayar sifika kuma ta zama mai kauri mara garkuwa, ba wayar jita ba.

Baba Tanko:
Saura abu ɗaya da ke wajen amfilifaya. Rory Gallagher da Brian May suna shiga AC30 ne ta ƙaramar na'urar ɗaga saman sauti, asalinta Dallas Rangemaster ta tsakiyar shekarun 1960, tiransista ɗaya ta jamaniyom irin OC44. Tony Iommi ma da ita ya tura Laney. Tana yanke ƙasa kafin sigina ya shiga, ta ɗaga tsakiya da sama, wato aikin da muka yi ta yi da dalma a sama. Sharaɗinta biyu: jita ta shiga cikinta kai tsaye ba wata na'ura a tsakani, amfilifaya kuma ta riga ta fara karyewa, a layi mara haske. A kan sauti mai tsabta ƙara mai zafi kawai za ta ba ka. In an haɗa daidai, ka mayar da maɓallin muryar jita 6 sauti ya wanke, ka kai 10 ya kama.

Nasiru Mai Jita:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, masta irin na 2203 da Marshall ta fitar a 1975, in an mayar da mai rami 4 haka, an samu sautin da muke magana?

Injiniya Lawal:
An samu na bayansa. A 2203 rabi biyun kwalbar farko a jere suke, ɗaya na tura ɗaya, na biyun da rizistar katod 10k babu kafasita, yana yanke gefe ɗaya na sigina da wuri, masta kuma kafin kwalbar raba sigina yake. Kaushin daga gaba yake zuwa, ya fi matsewa da kaifi, sautin ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 ke nan, wanda JCM800 ta ci gaba da shi daga 1981. In shi ake so, a yi a kan sabuwar da aka kwaikwaya ko wadda aka haɗa da hannu. Tsohuwa ta asali kada a huda mata shasi. A yi amfani da ramin da ke akwai, irin ramin sifika na biyu, a kuma zuba duk abin da aka cire a leda, a rubuta ƙimarsa da gurbinsa, a ɗauki hoton allon kafin a sa masa dalma. Wayar da ke zuwa girid ɗin mataki na biyu ta zama mai garkuwa, a haɗa garkuwar da shasi a kai ɗaya kawai, in ba haka ba za ta yi fito da an wuce 5.